Giya da fyaɗe a tsakanin ɗaliban jami'a: maye ba ya wanke mai laifi

Damina ta yi sallama, hatsi ya shiga rumbu. A wannan lokaci ne kuma makarantu suke buɗewa. Duk wanda ya je tashar mota a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa cikin watan Oktoba, zai ga samari da ƴan mata da akwatunansu, sun nufi jami'a. Wani uban buhun wake ya sayar ya haɗa kuɗin mota. Wata uwar akuyarta ta kai kasuwa. Ana yi wa yaro addu'a, a ce masa ya yi karatu, ya riƙe salla, ya guji abokan banza. Daga nan sai a yi shiru. Akwai maganar da ta rage, kunya ta hana a faɗe ta. Ita ce maganar giya da fyaɗe.

A da, mafi yawan yaran da suka gama lise Yamai suke nufa, Jami'ar Abdu Mumuni. A shekarar 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Waɗansu ɗaliban kuma suna ƙetare iyaka, su tafi Najeriya, Maroko, Aljeriya, Faransa, har Amurka. Ke nan ɗan manomi da ɗiyar manomi suna kwana nesa da gida, cikin mutanen da iyayensu ba su sani ba. Maganar ta shafe mu, ko muna so ko ba mu so.

Wani zai ce mu Musulmi ne, addini ya haramta giya, me ya haɗa mu da wannan zance? Gaskiya ne Nijar tana cikin ƙasashen duniya da ba a cika shan giya ba, mun gode Allah. Amma akwai mashaya a biranenmu, kowa ya san inda suke. Akwai burukutu. Akwai ƙwayar tramol da ta shiga hannun samari, birni da ƙauye. Wanda yake sha a nan, a ɓoye yake sha. Abin da ya biyo bayan shan ma ɓoye shi ake yi. A Amurka ɗalibai suna sha a fili, kuma can aka fi yin bincike a kan abin da shan yake jawowa. Shi ya sa zan kai ku can tukuna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da aka ƙirga a Amurka

A shekarar 2015 wata ƙungiya ta manyan jami'o'in Amurka ta yi wa ɗalibai wajen 150,000 tambayoyi a jami'o'i 27. Cikin ƴan matan da suke karatun digirin farko, kashi 23 cikin 100 sun ce an taɓa yi musu fyaɗe, ko an taɓa jikinsu ta hanyar lalata, da ƙarfi ko suna cikin halin da ba su iya kare kansu. Wato kusan mace 1 cikin 4. A 2019 aka sake binciken a jami'o'i 33. Adadin bai ragu ba, ya kai kusan kashi 26. Samari ma abin yana samun su, ko da yake ba su kai mata yawa ba.

Wata malamar jami'a mai suna Antonia Abbey ta daɗe tana nazarin wannan al'amari. A 2002 ta nuna cewa wajen rabin cin zarafin da ake yi a tsakanin ɗalibai da giya a ciki. Ko dai namijin ya sha, ko macen, ko su duka biyun. Ga wani abu kuma da ya kamata iyaye su ji da kyau. Mafi yawan lokaci mai laifin ba baƙo ba ne da ya fito daga duhu. Wanda yarinyar ta sani ne: ɗan ajinsu, saurayinta, ko abokin ƙawarta. An kuma lura cewa watannin farko na shekarar karatu sun fi haɗari, musamman ga sababbin shiga. Baƙuwa ba ta san gari ba, ba ta da ƙawaye tukuna, tana jin nauyin ta ce a'a.

Mai karatu ya kula da wannan lissafi. In rabi da giya a ciki, ɗaya rabin fa? An yi shi ido biyu, ba maye ba komai. Kuma samari da yawa suna sha su bugu, su kwana su tashi ba su taɓa kowa ba. Ashe ba kwalba ke yin fyaɗe ba. Mutum ke yi.

Yadda giya take aiki a jiki

Giya ba ta jiran a narkar da ita kamar tuwo. Daga ciki da hanji take shiga jini kai tsaye, cikin mintoci kaɗan ta isa ƙwaƙwalwa. In cikin mutum babu abinci, ta fi saurin kama shi. Wurin da take fara kashewa shi ne wurin da mutum yake auna abu, ya ji kunya, ya tsawata wa kansa. Daga nan harshe ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi tsayuwa. In aka ƙara, mutum ya faɗi bai san inda kansa yake ba.

Hanta ce take tace giya daga jini, kuma ba a yi mata gaggawa. Ƙaramar kwalba guda takan ɗauke ta awa ɗaya ko fiye. Shayi mai ƙarfi, ko kofi, ko wanka da ruwan sanyi ba su rage giyar da ke cikin jini. Lokaci kaɗai ke rage ta. Sannan in namiji da mace suka sha daidai wa daida, macen ta fi saurin buguwa, domin jikinta bai kai nasa yawan ruwa ba, kuma sau da yawa ta fi shi ƙaramin jiki. Wanda bai saba sha ba kuwa, kaɗan ta ishe shi.

Akwai wani hali da likitoci suka sani. Mutum yana iya tafiya, yana magana, amma ƙwaƙwalwarsa ta daina ajiye abin da ke faruwa. Gari ya waye, daren jiya ya ɓace masa ɗungum. Don haka in yarinya ta ce ba ta tuna abin da ya faru ba, ba lalle ƙarya take yi ba. Aikin giya ne. Haka ma in an jefa mata ƙwaya a cikin lemo.

Masu mugun nufi sun san duk wannan. Wani da gangan yake cika wa yarinya kofi, shi kuwa yana kurɓa kaɗan kaɗan, yana jira. Wannan ba kuskure ba ne. Tarko ne, irin wanda ake ɗana wa zabo da tsaba.

Shari'ar da ta girgiza Kalifoniya

A daren 18 ga Janairu 2015, waɗansu ɗalibai biyu ƴan ƙasar Suwidin suna wucewa a kan keke cikin Jami'ar Stanford, a jihar Kalifoniya. Sai suka hangi wani saurayi a kan wata mace a ƙasa, bayan wurin zuba shara. Suka lura macen ba ta motsi. Da suka yi masa magana sai ya ruga. Suka bi shi, suka kayar da shi, suka riƙe shi har ƴan sanda suka iso.

Saurayin sunansa Brock Turner, shekararsa 19, sabon ɗalibi ne kuma gwanin iyo. Macen shekararta 22. Ta raka ƙanwarta wata liyafar ɗalibai, ta sha giya har hankalinta ya gushe. A asibiti ta farka, ba ta san abin da ya kawo ta ba.

A watan Maris 2016 kotu ta same shi da laifi uku, ciki har da yunƙurin yi wa wadda ba ta cikin hayyacinta fyaɗe. Masu gabatar da ƙara suka nemi a ɗaure shi shekara 6. Shi kuwa sai ya ɗora laifin a kan giya da al'adar shaye-shaye ta jami'a. Alƙali Aaron Persky ya yanke masa wata 6 kacal. Bayan wata 3 aka sake shi.

Macen ta karanta wata doguwar takarda a gaban kotu, ta bayyana abin da aka yi mata da irin tambayoyin da aka riƙa jefa mata: me ta sha, nawa ta sha, wace riga ta sa. Miliyoyin mutane suka karanta takardar. Jama'a suka fusata. A cikin shekarar nan ta 2016 Kalifoniya ta gyara dokarta, ta wajabta ɗauri a kurkuku ga wanda ya ci zarafin mutumin da ba ya cikin hayyacinsa. A watan Yuni 2018 mutanen yankin suka kaɗa ƙuri'a suka tsige alƙalin daga kujerarsa, abin da ba a yi wa wani alƙali a jihar ba tun 1932. A 2019 macen ta fito ta faɗi sunanta da kanta, Chanel Miller, ta kuma wallafa littafi a kan abin da ya same ta.

A cikin labarin nan duka, masu keken nan biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Ba su san ta ba. Ba su tsaya tambayar ko ɗiyar wane ce, ko me ya fito da ita da dare ba. Sun ga mutum ba ya motsi, sun tsaya. Da sun ce ba ruwansu, da wataƙila babu shari'a, babu shaida, sai maganarta da tasa, ita kuwa ba ta tuna komai.

To laifin wa?

Mu dawo gida. A ce irin wannan ya faru da ɗiyar wani a cikinmu. Me za a fara faɗi a majalisa, da bakin rijiya, da fadar samari wajen shan shayi? Za a ce me ya kai ta. Za a ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Za a ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi kuwa saurayin sai a ce ai giya ce, ba halinsa ba ne, ɗan gidan mutunci ne. Ku duba wannan awo. Kwalba ɗaya suka sha. Ita ta zame mata laifi, shi ta zame masa uzuri. Wannan mudu biyu ne a kasuwa ɗaya, kuma ni ban yarda da shi ba.

Manomi ya fi kowa sanin amsar. In ka manta ba ka rufe rumbu ba, ɓarawo ya zo ya kwashe hatsi, mutane za su ce ka yi sakaci. Amma babu hakimin da zai sallami ɓarawon don ya tarar da rumbu a buɗe. In dabbobi suka shiga gonar da ba a girbe ba, mai dabba ke biyan ɓarna, ko gonar tana da shinge ko ba ta da shi. Ƙadangare ba shi da hankali, shi ya sa ba a kai shi gaban alƙali. Ɗan jami'a yana da hankali.

Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan. Wanda ya sha da ganganci ya bugu, in ya ƙulla ciniki cikin maye, cinikin ba ya zama dole a kansa, domin babu hankalin da zai yarda. Amma in ya yi ɓarna, ko ya ji wa wani rauni, ana kama shi da laifinsa. Mu ɗora wannan a kan maganarmu. Wadda maye ya kayar ba ta da bakin da za ta ce to. Shirunta ba yarda ba ne. Ko saniya ba a saye a hannun wanda ba ya cikin hayyacinsa, balle a ce ya ba da jikinsa. Wanda kuma ya afka mata ba zai ɓuya a bayan kwalba ba. Malamai sun kuma tabbatar cewa macen da aka tilasta wa ba ta da laifin zina.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba ina wanke giya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a duniya. Tana lalata hanta, tana jawo haɗarin mota da babur, tana cinye kuɗin da uba ya sayar da wake ya aiko. In aka haɗa ta da tramol tana iya tsayar da numfashi. Ɗalibin da ya guje ta, namiji ko mace, ya yi wa kansa gata, kuma ya kamata iyaye su faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Amma shan giya magana ɗaya ce, fyaɗe magana ce dabam. Wanda ya cuɗa su wuri ɗaya, mai laifi yake taimako ko bai sani ba.

Ga dalilin da ya sa na nace. A ƙasar da shan giya abin kunya ne, yarinyar da aka yi wa fyaɗe bayan ta sha tana ɗauke da kunya biyu. In ta faɗi abin da aka yi mata, dole ta faɗi inda take da abin da ta sha. Tana tsoron uba zai cire ta daga makaranta. Tana tsoron zancen zai riga ta isa ƙauye. Sai ta yi wanka, ta wanke tufafinta, ta yi shiru. Mai laifin ya san za ta yi shiru, da haka ya dogara tun farko. Gobe kuma ya nemi wata.

Iyaye suna yi wa ɗiya mace gargaɗi har kunnenta ya gaji. Ɗa namiji fa, wa yake zaunar da shi? Uba ne ya kamata ya gaya masa, baki da baki, cewa macen da ba ta cikin hayyacinta amana ce a hannun duk wanda yake wurin. A kira ƙawayenta su kai ta ɗakinta. In ta faɗi ba ta motsi, a kwantar da ita a kan gefenta, kada a bar ta rigingine, domin amai yana iya shaƙe ta. Kada a bar ta ita kaɗai. In numfashinta ya yi ƙasa, ko an tashe ta ta ƙi tashi, asibiti za a nufa nan take. In kuma ya ga abokinsa yana jan wadda ba ta iya tsayuwa zuwa ɗaki, ya tare shi, ko da abotar za ta mutu a daren. Ƴan mata su ma su riƙe juna. Waɗanda suka fita tare su koma tare. Kada a sha abin da ba a ga buɗewarsa ba, ko lemo ne.

Kwana uku na farko

In abin ya riga ya faru, shirun nan da muke kira rufin asiri yana iya jawo cutar da ba ta warkewa. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar sida kama jiki. Ana shan shi kwana 28. Amma sai an fara shi kafin awa 72 su cika, wato kwana 3, kuma wanda ya fara da wuri ya fi samun kariya. Akwai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, wanda yake aiki har zuwa kwana 5. Shi wannan hana ciki shiga yake yi, ba ya zubar da cikin da ya riga ya shiga. Likita yana kuma ba da maganin ciwon sanyi, da allurar rigakafin ciwon hanta, ya duba rauni in akwai. Kowace awa da aka ɓata ana faɗa da zargi a tsakar gida, daga cikin awa 72 ɗin nan ake cire ta.

Saboda haka gidan likita za a fara zuwa, faɗa ya jira. In da hali, kada ta yi wanka kafin a duba ta. Tufafin da ke jikinta kada a wanke su. A naɗe su cikin takarda ko tsabtataccen zane, ban da leda, domin leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. In ma ta riga ta yi wanka, ko kwana 3 sun wuce, ta je dai. Akwai sauran taimakon da za a yi mata. Ta gaya wa likita ko ungozoma gaskiyar abin da ta sha. Aikinsu ne su riƙe sirrin mara lafiya. Ta tafi da wadda ta amince da ita, uwa, ko ya, ko ƙawa. Bayan haka ana iya ganin ta daina barci, tana firgita, ta ƙi abinci, karatu ya gagare ta. Ba iskoki ba ne, ba kuma taurin kai ba. Raunin zuciya ne, yana son haƙuri da mai saurare.

Saura maganar sulhu. Sau da yawa manya sukan taru, a ba da haƙuri, a miƙa ƴan kuɗi, a ce a bar zancen. Wani lokaci har a ce ya aure ta, a rufe asiri. Asirin wa aka rufe? An ɗauki wadda aka zalunta an damƙa ta ga wanda ya zalunce ta. Fyaɗe babban laifi ne, ba rikicin iyakar gona ba da dattawa za su raba a gindin bishiya. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta 1961, wadda aka gyara a 2003, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga mai fyaɗe. Ana kai ƙara wajen ƴan sanda a birni, ko jandarmomi a karkara, ko kai tsaye wajen mai gabatar da ƙara a kotu. Kafin a bar asibiti, a roƙi likita ya rubuta takardar shaidar abin da ya gani, da kwanan wata da sa hannunsa. A yi mata kwafi, a ajiye ɗaya a gida, a tafi da ɗaya.